Layar Bindiga Da Akuyar Inna

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa har naira ta kori fam da sule, yayana ya sayi bindiga. Mu mutanen wani ƙauye ne da ke cikin duwatsun Roni. Shi fataucin hatsi yake yi, yana da wata 'yar a-kori-kura da yake zagaye kasuwanni da ita, yau Gwiwa, gobe Kazaure, jibi Babura. Wata rana 'yan fashi suka tare shi a hanyar dawowa, suka yi masa dukan da ya daɗe a kwance. Da ya miƙe bai zame ko'ina ba sai Kano, ya yi ta zirga-zirga har ya samu lasin, ya dawo da bindiga mai baki biyu a naɗe cikin bargo. Ni a lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata firamare a Kazaure ba, ina ji da kaina, biro biyu a aljihun gaba, duk abin da ya shigo gidanmu da rubutun boko ni ake miƙa wa. Haka aka miƙo mini kwalin harsashin in karanta. Na juya shi, na gyara murya, na ce ai cewa ya yi a yi hankali. Iyakar abin da na gane ke nan.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku halin mahaifiyata, don in ba ku san shi ba labarin ba zai zauna muku ba. Yayana shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta za ta juyo wajena ta ce, "Faɗa wa wancan tuwonsa yana hucewa." Ko lokacin da yake kwance yana jinyar dukan nan, a bakin ƙofa take tsayawa ta miƙo kunu ta juya. Ina yaro har na ɗauka ba ta ƙaunarsa, ina ta murna a raina cewa ni ne ɗan gaban goshi.

To, tsoron da 'yan fashin nan suka dasa wa yayana, bindiga kaɗai ba ta cire shi ba. A kasuwar Babura ya haɗu da wani mutum daga tsallaken iyaka, ya ba shi wata laya cikin jar fata, ya ce maganin bindiga ce, duk wanda ya rataya ta harsashi ruwa yake zama kafin ya iso jikinsa. Rago guda yayana ya bayar. Ya dawo gida da abubuwa biyu ke nan da bai taɓa gwadawa ba, ɗaya na harbi, ɗaya na hana harbi.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, ina gida hutu. Matar yayana ta haifi ɗansu na fari, ana ta shirin suna. Ya ɗinka wata sabuwar babbar riga ta farar shadda mai aikin hannu don ranar sunan, amma ya kasa haƙuri, ya zuba ta ya tafi masallaci. Ana saukowa ya yafuto ni, ya yafuto wani abokinsa dillalin dabbobi, mutumin da bai taɓa ganin wuta ya wuce bai ƙara mata kara ba. Ya ce mu je bayan gari mu ga iya inda bindigar nan take kaiwa, don mutum ya san daga ina zai iya tsayar da ɓarawo.

Muka sami wani fili a gindin wani babban dutse, inda ba hanya ba gona, duk abin da ya wuce dutsen zai tare shi. Muka tsaya a inuwar wata kuka. Da farko zana muka kafa. Yayana ya karya bindigar, ya zura jajayen harsasai biyu, ya ɗora ta a kafaɗa, ya rufe ido duka biyu, ya ja kunama. Jama'a, ƙarar nan! Dutsen ya karɓa ya dawo mana da ita, tsuntsayen kukar suka watse, kunnena ya ɗauki wani kuka da bai daina ba har muka bar wajen. Muka ruga mu ga ɓarna, muka tarar da zana tana tsaye abinta. Mu uku, manya da mu, muka duƙa muna neman huji a jikin abin da dama duk huji ne.

"An sayar maka da mai ƙara kawai," in ji abokin yayana. "Irin ta korar biri daga gona."

Ran yayana ya ɓaci. Ni na kawo shawarar a ɗauko ragowar kwanon da ya yi rufin sabon ɗakinsa, kuma ita ce kaɗai shawarar kirki da na bayar ranar. Aka kawo falle uku. Muka kafa na farko kusa, inda mutum zai iya jefa maka goro ka cafe. Ya harba. Wannan karon kwanon ya yi tsalle ya faɗi, da muka ɗaga sai ga rami guda ɗaya wanda dunƙulen hannuna yake shiga. Na biyu muka matsar da shi can gaba. Shi kuma ya fito da ƙananan huji birjik, faɗin faifai ko ya ɗan fi. Na uku muka kai shi nesa sosai. Da aka harba sai muka ji kamar an watsa masa tsakuwa. Ƙwayoyin dalmar sun bazu tun daga sama har ƙasa, wasu sun wuce ta gefe, waɗanda suka same shi kuwa yawancinsu lotsa shi kawai suka yi.

Nan muka jera fallayen uku a ƙasa muka tsaya a kansu kamar masu duba. Ni dai kaina ya fara ɗaurewa. Harsashi iri ɗaya, bindiga ɗaya, mutum ɗaya, amma aiki kala uku. Abokin yayana shi ya fara gano bakin zaren, a ganinsa.

"Ai abin a fili yake. Bindigar nan sai ta yi nisa take buɗe baki. Dubi nan, ɗan rami ɗaya tal. Dubi can, ta cinye falle guda. Ƙarfinta a nesa yake."

Yayana ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka ya gani. Suka juyo suka dube ni, malamin makaranta. Na ce, to, ta wani fannin haka ne. Wallahi ban san wane fanni nake nufi ba.

Daga nan yayana ya zaro layar daga aljihu. Kafin in ankara abokinsa ya ɓace, sai ga shi ya dawo yana jan wata jar akuya da igiya. Ina ganinta na gane ta.

"Yaya, wannan fa ta Inna ce."

"Na sani, Malam. In ta mutu ga naman suna, in saya mata biyu. In ba ta mutu ba, wa zai gaya mata?"

Tun da an riga an yanke cewa ƙarfin bindigar a nesa yake, sai suka ce a kai akuyar nesa, don kada a yi wa layar sauƙi. Wajen da muka kafa falle na uku babu abin ɗaure dabba, sai wata aduwa da ke can gaba da shi sosai, kusa da gindin dutsen. Can aka ɗaure ta, aka rataya mata layar a wuya. Daga inda muke tsaye ba ta fi kyanwa girma ba. Yayana ya yi bisimilla ya harba. Akuyar ta daka tsalle, ta yi kuka ɗaya, ta zagaya aduwar. Kafin mu iso ta sunkuya tana tsintar 'ya'yan aduwa. Muka juya ta, muka shafa ta ciki da baya. Ko ɗigon jini babu.

Abokin yayana ya cire hula ya jefa sama. Yayana ya tsaya yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa, irin na mutumin da aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Ni kuma duk bokon da na yi ya narke ya bi ƙasa. Da idona na ga an saita, da kunnena na ji ƙara, ga akuya tana tauna. Me zan ce?

Muna dawowa gindin kuka yayana ya kwance layar daga wuyan akuyar ya rataya a nasa. Ya sake ɗura bindigar baki biyu, ya miƙo mini.

"Saura ni."

Na ɗauka wasa yake yi, na yi dariya. Bai yi ba. Ya ce gobe-jibi zai koma hanyar nan da aka tare shi, kuma ba zai iya tuƙi da kokwanto a zuciya ba, gara ya ji a jikinsa yau. Na ce to ga abokinka nan. Abokin ya ja da baya, ya ce shi hannunsa rawa yake yi tun yana yaro, kuma wannan harkar 'yan'uwa ce. Mutumin da tun ɗazu bakinsa bai rufu ba.

Yayana ya tuɓe babbar rigar nan a hankali, ya kakkaɓe ta, ya ninke ta da kyau, ya cire hularsa ya shimfiɗa a kan wani ɗan dutse, ya ɗora rigar a kai don kada ta taɓa ƙasa. Ya rage daga shi sai 'yar shara. Sannan ya taka ya je ya tsaya daidai inda muka kafa falle na farko, nan kusa.

"Yaya, ba can za ka je ba, inda akuya ta tsaya?"

"Kai ma dai. Can da ta fi ƙarfi? A nan zan fara, inda take da sauƙi. In na ji daɗi sai in matsa."

Na dubi fallen farko da ke kwance a gabana, mai ramin da hannuna yake shiga. Na dubi na uku, mai lotsa-lotsa. Wani abu yana ta motsi a kaina yana son fitowa, amma kunnena yana kuka, rana ta dake ni, ga akuya a gefe tana kallona tana tauna. Na ce, "Amma me ya sa na kusa ya huje, na nesa bai huje ba?"

"Na nesan ya fi kauri," in ji abokin, ko dubawa bai yi ba. "Ba kamfani ɗaya ba ne."

Na sunkuya na taɓa su. Wallahi sai na ji kamar ɗayan ya fi kauri. Na sake taɓawa, sai na ji kamar ɗayan ne kuma. Yayana ya daka mini tsawa, ya ce in bar shafa kwano in yi abin da ya sa ni. A gidanmu ba a yi wa na gaba musu, balle shi da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya kai ni makaranta. Na ɗaga bindigar, nauyinta ya ninka. Ina hango ƙirjinsa a ƙarshen bakinta, jar layar tana hawa tana sauka da numfashinsa. Har yau in aka tambaye ni me zan yi da an ƙara ɗan lokaci, ban sani ba. Wani lokaci in ce sama zan harba. Wani lokaci in canza zance.

"Wa ya kwance mini akuya?"

Muryar mahaifiyata ce. Ta ɓullo ta bayan kukar, mayafi a kafaɗa, hannunta duk toka, daga wajen hura wutar ruwan wankan mai jego take. Ashe ta nemi akuyar ta rasa, aka ce an ga an ja ta nan, ga kuma ƙarar da gari duka yake ji. Na sauke bindigar da sauri har ta kusa suɓucewa. Ta dubi akuyar, ta dubi fallayen kwano, ta dubi inda yayana yake tsaye ba tare da ta kalli fuskarsa ba. Abokinsa ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga zuba bayani, yadda layar take, yadda akuya ta sha harbi ta tashi. Ta bar shi har ya gama. Idonta yana kan rigar nan da aka ninke a kan dutse.

Ta juyo wajena. "Tambayi wancan, me ya sa ya tuɓe rigarsa?"

Ban ma tambaya ba ya amsa, kansa a ƙasa. "Don kada ta yi datti, Inna. Hayaƙin albarushi."

"Ce masa wanda harsashi ba ya taɓawa, hayaƙi ne zai taɓa shi? A rataya rigar a inda yake tsaye, a sa mata layar, a harba mu gani."

Jama'a, mutumin da ya miƙa ƙirjinsa ba gardama, sai ga shi yana inda-inda a kan riga. Ya ce ta suna ce. Ya ce mai aikin ya daɗe a kanta. Ya ce ko a kawo wata tsohuwa daga gida. Ita dai ta tsaya tana jira. Da ya ga ba mafita, da hannunsa ya warware rigar, muka zura sanda ta hannuwanta, muka ɗora a kan turakun da suka riƙe kwano. Ya ɗaura layar a wuyan rigar. Iska ta ɗan shiga rigar ta kumbura, ta tsaya fara fat kamar mai ita yana ciki.

Na saita, na ja kunama ɗaya.

Rigar ta yi baya kamar an hankaɗa ta, ta dawo. Ƙasa kaɗan da aljihun aikin, inda cikin mutum yake, ga rami baƙi, gaba da baya, ina hango dutsen ta cikinsa. Zare yana ta sauka a hankali. Na jingina da kukar. Layar kuwa tana nan tana lilo a saman ramin, ko ƙwarzane babu.

"Kun gani!" in ji abokin yayana. "Ko taɓa ta bai yi ba! Ai dama ba ta aiki a kan tufa, sai abu mai rai, mai jini a jika. Akuya fa?"

Na dubi yayana. Fuskarsa ta canza, amma kunya da taurin kai ba su sake shi ba. Ya ce a hankali, "Haka mutumin da ya ba ni ita ya ce. Sai mai rai." Ni kuma, ku yi mini dariya in kuna so, sai na ji kaina ya sake juyewa. To in ba gaskiya ba ne, me ya hana ko ƙwaya ɗaya ta sami layar?

Mahaifiyata ta taka ta je wajen rigar. Ta zura hannunta mai toka cikin ramin har ya fita ta baya, ta daɗe a haka. Sannan ta kwance layar, ta rataya a wuyanta, ta ture rigar gefe, ta tsaya a gurbinta. Ta gyara mayafinta.

"Ga mai rai," ta ce da ni. "Akwai saura ɗaya a ciki. Harba."

"Inna!" Yayana ne ya yi ƙarar, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, ko ranar da aka kawo shi jina-jina.

Sai ta ɗaga kai ta dube shi tsakiyar ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke. Na yi zaton ma ba ta iya faɗarsa ba.

"In ka yarda da ita, karɓi bindigar ka harbe ni da hannunka. In kuwa ba ka yarda a gwada a kaina ba, don me za ka sa a gwada a kan ɗana?"

Ya zo ya zare bindigar daga hannuna, ya karya ta, ya ciro harsashin da ya rage, ya yar da shi ƙasa. Ya zauna daɓas a wajen, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa. Abokinsa ya shiga neman hularsa da ya jefa tun ɗazu. Ita kuwa ta kwance akuyarta, ta naɗe igiyar a hannu. Har ta yi gaba ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta ce da ni, "Faɗa wa wancan ya ɗauko rigarsa, kada a gani a yi mana dariya." Layar a wutar ruwan wankan jego ta ƙare. Ranar suna tsohuwar rigarsa ya sa.

Daga baya na fahimci abin da ya kasa fitowa daga kaina ranar. Irin bindigar nan a kusa take kisa, tun ƙwayoyin suna dunƙule. In suka yi nisa sai su bazu, ƙarfinsu ya ƙare. Mu kuma muka ga faɗi muka ɗauka ƙarfi ne. Da aka yanka akuyar bayan shekaru, an sami 'yan ƙwayoyin dalma maƙale ƙarƙashin fatar cinyarta. Na kai wa abokin yayana a tafin hannu, ya duba, ya ce to ai ga shi nan, layar ce ta tsayar da su a fata. Har ya koma ga Allah bai sauka daga kan maganarsa ba. Abin da ya hana layar samun ko ƙwarzane kuwa, na fi zaton saitina ne ya yi ƙasa, don hannuna ba a tsaye yake ba. Na fi zato dai na ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba bindigar ba ce. Na yi shekaru ina zaton na san wanda mahaifiyata ta fi so a cikinmu, ashe ban karanta komai ba, kamar dai kwalin harsashin nan. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ba ta sake kiran sunansa ba, ya koma wancan har ƙarshen ranta. Bindigar ma ta tsufa a bayan kujerar mota ba ta taɓa harbin kowa ba.

Ranar da muka dawo daga binne Inna, bayan mutane sun ragu, na shiga ɗakin yayana na same shi zaune a bakin gado, rigar nan a kan cinyarsa. Ashe duk shekarun nan tana ƙasan akwatinsa, bai bari an yi mata faci ba, bai bari an wanke ta ba. A bakin ramin har lokacin akwai ɗan duhun tokar hannunta. Bai ɗago ba ya ce, "Malam, kai ma ka ji ranar nan, ko? Ba kunnena ba ne?"

Na ce na ji, Yaya. Sunanka ta kira.